Cokali a Bakin Akushi

Ƙafafunsa ta fara gani, suna reto daga reshen zaitun ɗin babanta.

Watan Disamba ne, sanyin dutse na cizon yatsu, mutanen Tala Umalu sun fito gayyar kaɗe zaitun a gonar Dda Arezki. Tiziri, autarsa, tana durƙushe a kan raga tana tsince 'ya'yan da suka zubo, sai aka girgiza reshe, zaitun suka zubo mata a ka har cikin wuyan riga.

"Kai na sama!" ta ɗaga murya. "Mutane ne a ƙasa, ba awaki ba."

Wata fuska ta leƙo ta tsakanin ganye, tana dariya ko kunya babu. "Yi haƙuri, 'yar Dda Arezki. Na ga tsintar taki ba ta sauri, shi ne na ce bari in kawo miki su kusa."

"To sauko ka tsince taimakonka."

Ya kuwa sauko. Mezyan ne, ɗan Nna Zahwa ta unguwar sama, wanda ya koyo sassaƙa a Tizi Wuzu ya dawo ya buɗe shago kusa da masallaci. Ta san shi tun yana yaro mai yoyon hanci, amma ba ta san yaushe ya zama wannan dogon mai faɗin kafaɗa ba. Da ta san abin da ke gaba, da ta bar kanta a sunkuye.

Kwana uku aka yi ana gayya. Duk sanda aka zauna cin gurasa da mai da busasshen ɓaure, sai ya koma gefe da 'yar wuƙarsa yana feƙe wani guntun reshe. Ran na uku da yamma, ana ɗaure buhuna, ya gifta ta gabanta ya saki wani abu a kwandonta. Cokali ne na itacen zaitun, an zana jinjirin wata a mariƙinsa, an naɗe shi a takarda mai lambar waya.

Ta yi kwana biyu tana jan aji, sannan ta rubuta masa:

"Cokalinka ya karkace."

Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta shigo: "Hannuna ne ke rawa, mai shi tana zaune kusa. Ki riƙe shi haka, Farin Wata, in na samu natsuwa zan gyara."

"Sarkin sassaƙa, ashe har baki ka iya sassaƙawa."

"Ke kika buɗe shi. Da can ko sallama sai an roƙe ni."

Daga nan magana ta kankama.

A gidan Dda Arezki mutum uku ne suka rage: shi, da tsohuwarsa Tasadit da kowa ke kira Setti, wato Kaka, wadda ta rene 'ya'yansa tun rasuwar uwarsu, sai Tiziri. Amma duk jajibirin Yennayer, sabuwar shekararmu ta manoma, cokali shida ake fitarwa. Setti za ta wuni tana murza kuskus da tafin hannu, a yanka zakara, a yi miya da wake da kabewa da busasshen nama, da magariba a juye a babban akushi. Sannan ta jera cokulan waɗanda ba sa nan a bakin akushin, tana kiran sunayensu, kamar yadda kowane gida ke yi.

"Na Werdiya. Na Sekura."

Yayyen Tiziri ke nan da ke aure a ƙauyukan maƙwabta. Dda Arezki kan gyaɗa kai.

"Na Lunis."

Lunis ne kaɗai ɗansa namiji. Shekara huɗu ke nan da ya shiga kwalekwale tare da wasu samari, ya kira sau ɗaya daga can ƙetare ya ce ya isa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In an gama ci, Setti kan wanke cokalinsa tare da sauran, ko da yake ba abin da ya taɓa.

Shekara ta juya, soyayya ta yi kauri. Da aka gama shanya ɓaure a watan Oktoba, kawun Mezyan ya yafa farar alkyabbarsa ya zo neman aure. Dda Arezki ya ba shi gahawa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce a'a.

"Yaron ba shi da aibu," ya gaya wa Setti bayan baƙon ya tafi, Tiziri na laɓe tana ji. "Amma duk saurayin da ke da sana'a a hannu a ƙasar nan, idonsa ɗaya na kan teku. Na riga na ba teku ɗa. Ba zan ƙara cokali a bakin akushina ba."

"Ai na Werdiya da Sekura ma suna nan, ba ka mutu ba."

"Waɗannan ina jin carar zakarunsu daga nan, Yemma," ya amsa wa uwar tasa.

Washegari Tiziri ta tsaya a ƙofar shagon Mezyan, ta ƙi shiga.

"Mezyan, dube ni. Kana da niyyar tafiya waje?"

"Ina zan je in bar ki, hantata?" Haka masoya ke kiran juna a nan.

"Ba waƙa na ce ka yi mini ba. E ko a'a?"

"A'a," ya ce.

Katakon da ke gabansa yake kallo sanda ya faɗa, ba ita ba. Ta lura da hakan sarai. Amma mai so ba ya rasa uzurin da zai ba wanda yake so, sai ta ce a ranta kunya ce.

Da ta koma gida ta ɗauko gurasa da gishiri, ta ajiye a gaban babanta, ta ɗora hannu a kai. Mu nan ba a wasa da wannan rantsuwa, ko a rikicin gona sai an ƙure ake kaiwa gare ta.

"Baba, na rantse da abincin gidan nan, Mezyan ba ya zuwa ko'ina. In ya tafi, ni na yi maka ƙarya."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunta. "Shi ke nan," ya ce. "Washegarin Yennayer su zo a karanta Fatiha." Ran kasuwar Azazga da kansa ya je ya zaɓo wani jan zakara da sai da hannu biyu ake ɗaukarsa, ya ce na surukai ne.

Sauran kwana tara, ran Juma'a bayan an sauko, maza na zaune a dandali suna shan rana. Sai ga Sma'il, mai shagon kwafin takardu da katin waya, wanda sau biyu yana aikawa neman Tiziri tana cewa a ba shi haƙuri. Ya durƙusa ya gaida Dda Arezki da murya yadda kowa zai ji.

"Dda Arezki, ina taya ka murna. Suruki a Marsiliya, can ƙetaren teku! Sai mu fara jiran turare da agoguna."

"Wane suruki?"

"Au, ba ka sani ba? Mezyan mana. Ai biza ta fito, ran goma ga wata zai tashi. A shagona aka yi kwafin takardun."

Dda Arezki ya tashi ya kakkaɓe alkyabbarsa ya nufi gida. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya rataye alkyabbar, ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Abu ɗaya nake so in sani. Ke ya yi wa ƙarya, ko ke da shi kuka haɗu kuka yi mini?"

Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Ta sami Mezyan yana goge wata ƙofa, yana ganin fuskarta ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Yaushe ta fito?"

"Tiziri, zauna in yi miki bayani."

"Yaushe?"

"Satumba."

"Satumba." Ta ƙirga da yatsu a gabansa, a hankali. "Wato ranar da na tsaya a wannan ƙofar na tambaye ka, takardar tana cikin aljihunka."

"Tun kafin mu fara soyayya na nema, wallahi har na manta da ita. Da ta fito sai na rasa yadda zan yi. Aiki ne mai kyau, kamfanin gyaran tsofaffin gidaje. Na ce kawuna ya tsaya mini a karanta Fatiha, ni in je in kafa ƙafa, shekara biyu kawai, sannan in aiko ki zo."

"In zo." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ashe ba kai kaɗai za ka tafi ba, har ni ka shirya mayarwa cokali. Na ɗora hannuna a kan gurasa saboda kai, Mezyan. Yau ubana yana tambayata ko da ni aka haɗa baki."

"Hantata..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Ga ni, ga jirgi. Zaɓi."

Ya ce ya riga ya sa hannu, ya ce mahaifiyarsa na buƙatar magani, ya ce a nan sana'ar ba ta ciyar da gida. Duk gaskiya ne, kuma duk ba shi ta tambaya ba. Ran goma ga wata motar safe ta sauka da shi Aljiyas, ya hau jirgi.

Washegari da magariba aka ci jan zakaran surukai, mutum uku, ba mai kallon wani. Dole a ƙoshi a jajibirin Yennayer don kada shekara ta zo da yunwa, kuma ba a kuka don kada a shekara ana yi. Tiziri ta tura loma uku da ƙyar, hawaye suka ƙi jin doka.

"Hayaƙi ne," in ji Setti, ba wanda ya tambaye ta. "Itacen bana ɗanye ne."

Da aka kwashe kwanuka, Tiziri ta shiga ɗaki ta ɗauko cokalin mai jinjirin wata, ta jefa shi cikin murhu, ta juya ba ta ko tsaya ganin ya kama ba.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi mata daɗi ba. Ƙauye ƙarami ne, bakinsa kuwa babba. In ta je maɓuɓɓuga ɗiban ruwa sai hira ta yanke, wata ta ce, "Allah sarki, an bar ta da lalle a kwano," da muryar tausayi wadda ta fi zagi ciwo. Babanta ya daina zama a dandali. Yana yi mata magana, yana cin abin da ta dafa, amma in ta ce masa ko da "an yi ruwa a Azazga" ne, sai ya leƙa waje ya duba sama tukuna. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ba saurayi kaɗai Mezyan ya raba ta da shi ba, ya tafi da yardar da ubanta ya yi mata tun tana ƙarama.

Saƙonni kuwa ba su fasa zuwa ba.

"Farin Wata, na san ba za ki amsa ba. Yau na gyara wata taga da ta girmi kakana. Duk abin da na taɓa sai in ce da Tiziri ta gani da ta ce ya karkace."

Ta karanta ta goge.

"Ba na neman ki yafe. Ina so dai ki sani ban taɓa kwana ban tuna fuskarki a ƙofar shagona ba. Na ci amanarki, ba ni da wani suna da zan ba abin."

Wannan ma ta goge, amma sai da ta karanta sau huɗu. Tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da har yanzu gabanta ke faɗuwa in waya ta yi ƙara. Ba ta toshe lambar ba. Ta ce wa kanta don ta riƙa ganin yadda yake wahala ne.

Da bazara Sma'il ya sake aikowa, karo na uku. Dda Arezki ya ce, "Ba zan matsa miki ba. Amma shago ba ya hawa jirgi." Tiziri ta ce a bar shi ya zo su gana. Ya zo da kwalin alewa da sabon aski, suka zauna a tsakar gida, Setti na gefe tana tsince alkama da kunnuwa a buɗe.

"Tambaya ɗaya gare ni, Sma'il. Yaushe ka ga takardunsa?"

"Tun Satumba. Da hannuna na yi kwafin."

"Wata huɗu ke nan kafin ka faɗa. Kullum ina wucewa ta ƙofar shagonka. Me ya hana ka ja ni gefe ka gaya mini?"

Ya gyara zama, yana murmushin wanda ya yi dabara. "Da na gaya miki a ɓoye ai da ya lallashe ki. Na bari sai da magana ta nuna, yadda kowa zai ga halinsa."

"Kowa ya ga halinsa, kowa kuma ya ga tsiraicin ubana." Ta tura masa kwalin. "Shi ya yi mini ƙarya don yana tsoron rasa ni. Kai ka riƙe gaskiya kamar wuƙa har sai da ka sami inda za ta fi shiga. Ɗauki alewarka."

Bayan ya fita Setti ta ce, "Da kin bar alewar, ita ba ta yi laifi ba."

Disamba ta sake zagayowa. Tun tafiyar Lunis, itatuwan da ke can saman gangare ba a cika kaɗe su ba, bayan Dda Arezki ba ya ɗaukar tsani. Da sassafe Tiziri ta hau da kwandonta don ta tsinci abin da iska ta zubar. Ta tarar an shimfiɗa raga tsaf. Ta ɗaga kai, sai ga ƙafafu suna reto.

Ta juya ta gangara gida, ta rufe kanta a ɗaki.

Kwana tara Mezyan yana hawa itatuwan nan shi kaɗai, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ya ɗaure buhuna ya sauke su a ƙofar gidan matsar mai da sunan Dda Arezki. Tsohon bai gode ba, bai kuma hana ba, don ba a korar hannun gayya. Saƙo ɗaya tak ya shigo a kwanakin nan:

"Na dawo, ba hutu na zo ba. Ba zan tare ki a hanya ba. Jajibirin Yennayer zan zo ƙofarku da saƙon da ba nawa ba, daga nan abin da kika ce shi ne."

Ranar ta zo da ƙanƙara a kan duwatsu. An juye kuskus, ƙamshin miya ya cika ɗaki, Setti ta jera cokula ta kira sunaye. Ta ce "Na Lunis" ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. A wannan maraice ko maƙiyi ne ba a mayar da shi, don haka Dda Arezki ya tashi ya buɗe.

Mezyan ne, ya rame, hannuwansa duk sun farfashe. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Dda Arezki, ba cin abinci na zo ba. Ka ba ni izini in faɗi magana ɗaya."

"Faɗi."

"Bara war haka kwanana ɗaya a Marsiliya. Wani ya kai ni wani ɗaki inda 'yan dutsenmu ke haɗuwa, mu bakwai, aka dafa kuskus a roba. Za mu fara ci sai wani daga cikinmu ya ce a dakata. Ya fito da cokulan roba guda biyar daga aljihu, ya jera a bakin robar, yana cewa, na Setti Tasadit, na Baba, na Werdiya, na Sekura, na Tiziri. Suka ce mini duk shekara haka yake yi."

Setti ta dafe ƙirji. Dda Arezki ya kama ƙyauren ƙofa.

"Ba shi da takarda, ba shi da abin da zai nuna, kunya ta hana shi kira. Ya sa ni na rantse ba zan faɗa ba sai ya yarda. Shekara guda na yi ina lallashinsa." Mezyan ya matsa gefe. "Fito mana, ai ka iso."

Daga bayan itacen ɓauren ƙofar gida wani mutum ya fito da 'yar jaka guda, siriri, furfura ta fara masa tun bai kai ba. Ya tsaya kansa a ƙasa kamar yaron da ya fasa tulu.

Dda Arezki ya saki ƙyauren ƙofa. Ya koma ciki, ya sunkuya a kan akushi, ya ɗauki cokalin da shekara shida ana wanke shi ba a ci da shi ba, ya dawo ya miƙa wa ɗansa.

"Abinci na hucewa," ya ce.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Setti ta rangaɗa guɗa da muryar da aka ɗauka ta daɗe da mutuwa, ta rungume Lunis tana dukansa a baya tana kiransa ɗan banza. An karya dokar kuka a gidan nan ba wanda ya ce hayaƙi ne. Can da aka natsu, Dda Arezki ya waiwaya ya ga Mezyan har yanzu yana tsaye cikin sanyi.

"Shigo, ɗana."

"A'a, Baba."

Tiziri ce. Ta saki hannun yayanta ta zo ta tsaya a gaban Mezyan, idanunta jajur.

"Ka dawo wa Baba da ɗansa, na gode, har in mutu ina godiya. Amma ni ba ka dawo mini da komai ba. Shekara guda ina faɗin magana a gidan nan ana leƙa waje a duba."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Mezyan ya zaro wani kati daga aljihu ya miƙa mata. "Katin izinin zamana a can ne. Na bar shi ya mutu, ban sabunta ba. Ki sa a wuta."

"Ba kati ne ya yi mini ƙarya ba."

"Haka ne." Ya mayar da hannunsa. "Ni ne. Kin tambaye ni e ko a'a, na dubi katako na ce a'a. Ba ni da hujja. Ranar da na ga an ajiye cokali da sunanki a ƙasar mutane, na gane abin da na so in mayar da ke." Ya juya ga tsohon. "Dda Arezki, ba ta san komai ba. Rantsuwarta gaskiya ce, ni na karya ta. Gobe zan faɗi haka a dandali, a inda aka kunyata ka."

Dda Arezki ya dubi 'yarsa. "Na sani tun tuni," ya ce a hankali. "Haushin kaina ne na sauke a kanki. Yafe mini, 'yata."

Setti ta share ido da bakin zane ta dubi akushi. "To, ni dai lissafina ya ɓaci. Mutum biyar, na masu aure ba a taɓawa, cokali ɗaya ya kasa." Ta tafi lungu da 'yar sandarta, ta zura hannu har kafaɗa cikin tulun alkama, ta lalubo wani abu. Gefe ɗaya ya ƙone baƙi ƙirin, amma jinjirin watan na nan.

"Setti!"

"Yatsu biyu na ƙona a kansa, kar ki yi mini tsawa." Ba Mezyan ta ba, Tiziri ta danƙa wa. "Naki ne. Ki ba shi, ko ki mayar. Ga murhu can, bana itacen busasshe ne."

Tiziri ta tsaya da cokalin a hannu. Ta dubi wutar, ta dubi mutumin da ya sa ta kuka shekara guda, wanda har yanzu in ya yi tari sai ta ji a ƙirjinta. Haushin bai tafi ba, ba za ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta taka zuwa akushin, ta ajiye cokalin a bakinsa, kusa da na yayyenta.

"Nan wurin waɗanda ba sa nan ne," ta ce. "In kana nan, zo ka ɗauka. Amma ka dube ni, ba katako ba. Ranar da ka sake ajiye shi, ba mai tsamo shi daga wuta."

Ya cire takalmansa ya shigo. Bai ɗauke ido daga kanta ba har ya durƙusa ya ɗauka.

"Ina nan, Farin Wata."

"Har yanzu a karkace yake," ta ce, muryarta na rawa.

"Hannun ma har yanzu rawa yake."

"Ku ci abinci, ku bar mu da zance," in ji Setti. "Lunis, cinyar taka ce, duk da ba ka cancanta ba."

Washegari ya cika alkawari a dandali, a gaban kowa, Sma'il na ƙofar shagonsa yana goge gilashin da ba datti. Tiziri ba ta sauko da wuri ba, sai da ta bar shi ya yi ta zarya har zaitun suka yi fure, sannan ta yarda aka karanta Fatiha. Aka yi biki a watan Agusta, da makaɗa da algaita, amarya cikin azurfar Setti tun daga goshi har idon sawu. Lunis ne ya riƙe hannunta ya fito da ita daga gida. Dda Arezki ya ɗora tafinsa a kanta ya ce, "Allah ya sa gidanki ya cika, ya sa maganarki ta zama abin yarda a duk inda kika faɗe ta, kamar yadda take a wurina." Tsofaffi suka amsa da amin, mata suka ɗauki guɗa.

Da Yennayer ta sake zagayowa, Setti ta jera cokula a bakin akushi. Na Werdiya, na Sekura. Ta ɗaga na uku ta dubi ɗanta da tsokana.

"Ka ce ba za ka ƙara cokali ba. Ga na Tiziri."

"Ajiye, Yemma," in ji Dda Arezki, kunnensa na wajen ƙofa. "Mai shi ba za ta bar shi ya yi sanyi ba."

Bai rufe baki ba aka ji takunsu a tsakar gida, ita tana faɗan ya sa ta makara, shi yana biye da kwanon miya a hannu, ƙonannen cokalinsa na leƙowa daga aljihun riga.

Allah ya bar su tare, ya dawo wa kowane gida da nasa da ke nesa.